Sunan da Ke Kan Takardar Kes

"Kes ba ta san ciwo ba, Zalika. Aure, haihuwa, mutuwa. Ga dokar nan, karanta da kanki."

Harouna, kontabil ɗin kamfaninmu mai riƙe lissafin kuɗi, ya turo mini takardar da ɗan yatsa ɗaya. Ban duba ba. Shekara shida ina sakatariya a wannan kamfanin fiton kaya na Gaya, kuma ni na buga dokar nan da hannuna. Kes ita ce asusun taimakon juna na ma'aikata. Kowane wata ana cire mana jika biyar, wato dubu biyar, a zuba ciki, tun kafin albashin ya ga tafin hannunmu.

Na ce, "Wato in Inna ta mutu za ku ba ni kuɗin likkafani, amma tana raye ba za ku ba ni na magani ba?"

"Subhanallahi! Daina faɗin haka."

"Ba ni na faɗa ba, takardarku ce ta faɗa."

Wanda ya tsara dokar nan, na rantse lafiyar uwarsa ƙalau a ranar.

Tun da sojoji suka karɓi mulki aka toshe gadar da ke tsakaninmu da Malanbil, garin da ke ƙetaren iyaka, motocin kaya suka daina tahowa daga Kwatano. Maigidan kamfani ya tara mu ya ce rabin albashi, wanda bai iya ba ga hanya. Jika tamanin ɗina ta koma arba'in. Baki biyar ke ci a ciki: ni, Inna, da marayun yayana Yacuba su uku. Adashen matan biro, wato ofishinmu, ya watse, don mai kwasa ta kwasa ta kasa zubi. 'Yan kunnena sun tafi, keken ɗinkin Inna ya bi su.

Sai ga ciwon suga ya sauka a ƙafar Inna. Likita ya kira ni gefe ya ce in ba a kai ta Yamai cikin mako guda ba, ƙafar ba za ta tsira ba, wataƙila ma ba ƙafar kaɗai ba. Da mota da aiki da magani, jika ɗari uku da hamsin.

Gudummawar aure a kes kuwa jika ɗari huɗu ce.

Harouna ya rage murya. "Ga hanya mai sauƙi, ke ce kike kewaye. Kawunki Labo ya riga ya ba ni dama tun bara. Ki cika takardar aure, ki sa sunana. Yau ɗin nan ki fita da kuɗi."

Ba mummuna ba ne Harouna, kar in ɗauki alhakinsa. Yana da mota, yana da gidan siminti a hanyar Bengou, bai taɓa aure ba. Amma mutum ne da in ya ba ka ruwa sai ya auna kofin.

Na ja takardar neman gudummawa. Na cika sunana, na cika lambata. Da na zo layin da aka rubuta sunan ango, wallahi na so in ƙirƙiro wani suna can da babu shi. Hannuna ya ƙi. Kafin in ankara na rubuta Alfari.

Harouna ya daɗe yana kallon sunan.

"Kin san sharaɗin?" ya ce. "Wata uku. In ba ki kawo takardar ɗaurin aure ba, ki mayar da kuɗi, kuma kora ce, don yaudara kenan."

"Na sani. Roƙona ɗaya, ka miƙo mini ambulan ɗin nan a biro, hannu da hannu. Kada ya je gida."

Ya yi murmushi. "Ki kwantar da hankalinki."

Ni kuma, da yake wauta ba ta da magani, na kwantar.

*

Ranar Asabar da hantsi ina durƙushe gaban Inna a tsakar gida ina wanke mata ƙafar, sai na ji guɗa daga bakin lungu. Na ce a raina, ko ɗiyar wa ake kai wa a wannan marra da buhun shinkafa ya fi ƙarfin mutane?

Ashe tawa ce ta same ni.

Al'adar biro ɗinmu ce: kuɗin aure ba a damƙa wa amarya. Matan biro ke ɗaukowa da goro da turmin atamfa, su kawo wa uwarta har gida. Ni kaina na rangaɗa guɗa a irin wannan tafiya sau huɗu.

Madam Bibata, babbarmu a cikin mata, ita ce a gaba da kwaryar goro a ka. Mata uku na bin ta. Harouna na can baya da jakar takardu, fuskar nan kamar ta liman. Kawu Labo, ƙanen Inna, da ya zo duba jikinta, ya miƙe daga kan tabarma yana washe baki, don ya ga Harouna ya ɗauka abin da yake jira ne ya zo.

"Inna Kande, barka, barka!" in ji Madam Bibata. "Allah ya kashe ya ba ku! Mu wallahi da muka ji an shirya, har kuka muka yi. Ga gudummawar kes ta auren ɗiyarmu Zalika da Alfari."

Kwanon da ke hannuna ya suɓuce.

Guɗar da ɗaya daga cikin matan ta ɗauko ta maƙale mata a wuya.

Inna ta ce, "Da wa?"

Madam Bibata ta dube ni, ta dubi Harouna. Nan take ta gane ba a shirya komai ba. Baiwar Allah, ta shiga kame-kame. "Kontabil ne ya ce mu zo yau... mun ɗauka..."

"Al'ada ce, Madam," in ji Harouna. "Ni wane ne da zan karya ta?"

Duk Gaya ta san zancen. Alfari Basarke ne, ɗan masu jirgin ruwa, aminin yayana Yacuba tun suna lekol, makarantar boko. An kusa sa mana rana. Da aka toshe gada, kowa ya koma fito da kwale-kwale. Wata goma da suka wuce Yacuba ya shiga jirgin Alfari zai ƙetara neman aikin direba, jirgin ya kife a tsakiyar kogi. Alfari ya fid da mutum bakwai. Yacuba sai bayan kwana biyu aka same shi. Tun ranar Inna ta ce ko sunan kada a ƙara kira a gidanta, kuma ba ta yarda kowa ya ba ta labarin yadda abin ya faru ba.

Ta janye ƙafarta daga hannuna.

"Zalika. Dube ni."

"Inna, ki tsaya ki ji..."

"Ƙasar kabarin ɗana ba ta gama kwanciya ba, kika je kika sa rana da wanda ya kai shi?"

"Wallahi ba a sa rana ba! Shi bai ma sani ba. Kuɗin nake so, Inna, kuɗin ƙafarki. Na roƙa da sunan ciwo sun hana ni. Na duba gabas na duba yamma, ba ni da abin sayarwa sai tabarmar da kike kai. Me zan yi? In zauna ina kallo ƙafar tana baƙi?"

"Duk mazan garin nan, sunansa kaɗai kika iya rubutawa?"

Hawaye suka zubo mini. Amsar ita ce e, kuma ta gan ta a fuskata.

Madam Bibata ta durƙusa ta ajiye ambulan ɗin a gefen tabarma. Inna ta sa sandarta ta ture shi har cikin ruwan da ya zube.

"A ɗauke mini wannan. Kuɗin da ya shigo da sunan yaron nan ba zai taɓa jikina ba. A yanke ƙafar. A yanke duka biyun. In kuwa kika aure shi, Zalika, ban yafe miki nonon da kika sha ba."

"Inna!"

"Na gama."

Kawu Labo ya taso mini. "Kin ji kunya! Kin tara mana mutane kin kwance mana zane a kasuwa. Ga mutum ɗan mutunci shekara guda yana bin ki, kin tsaya wa mai tuƙin jirgin aro. To yanzu sai ki zaɓa, uwarki ko shi."

Harouna ya matso, ya ɗauki ambulan ɗin ya share shi da hankici. Ya yi magana a hankali, irin ta mai neman sulhu.

"Kawu, a yi haƙuri, abin bai ɓaci ba. In ta ce ƙarya ta yi, dole in kai wa maigida, kuɗi su koma, aiki ya tafi. Ba na son haka. Amma doka cewa ta yi a ɗaura aure cikin wata uku, ba ta ce da wa ba. Ana fasa ango a sake wani." Ya zaro takardar daga jaka. "Ban kai ta sama ba tukuna. A soke suna, a rubuta wani. Gobe da sassafe ni da kaina zan kai Inna Yamai a motata."

Ya miƙo mini takardar da bik ɗin da zan rubuta da shi.

Sai a lokacin na ga ramin gaba ɗaya. In na ce gaskiya, aiki ya tafi, marayu su kwana da yunwa. In na bar sunan, Inna ta ƙi kuɗi. Ƙofa ɗaya ya bar mini a buɗe, shi kuma yana tsaye a bakinta.

Na karɓi takardar da bik ɗin, na ja mayafina na fita. Ina jin Kawu na kira, ban waiga ba.

*

Bakin kogi cike yake da mutane da buhuna, masu fito na ta kiran fasinja. Na hango Alfari yana sauke wa wata tsohuwa jarkokin manja daga jirgin da yake tuƙa wa wani. Nasa jirgin da injinsa suna ƙasan ruwa tun waccan rana. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Wata goma ban tsaya kusa da shi ba. Iyakarmu gaisuwar ido daga nesa.

Da ya gan ni ya saki igiyar jirgin. "Zalika? Lafiya? Inna ce?"

Muka koma gindin wani mangwaro, na zayyane masa komai ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Bai katse ni ba. Da na gama ya karɓi takardar da jiƙaƙƙen hannunsa, ya tsura wa sunansa ido.

"Ke kika rubuta wannan?"

"Ni ce."

"Bayan duk abin da ya faru?"

"Hannuna bai san wani suna ba, Alfari. Na gwada."

Ya juya fuska wajen ruwa. Sannan ya kwance wata leda daga ƙugunsa. "Jika ashirin da biyu ne. Tun da na ji ciwon ya tashi nake tarawa, na rasa wanda zan ba ya kai ba tare da ta sani ba."

"Ba za su isa ko kuɗin mota da gado ba."

"Na sani."

Na kama bakin rigarsa, ban damu da masu kallo ba. "Mu ƙetara. Ga jirgi nan. Mu je Malanbil a ɗaura mana aure yau, in kawo musu takardarsu, aikina ya tsira. Inna za ta huce, uwa ce."

"Ƙafar za ta jira ta huce?"

Na saki bakin rigarsa.

"Kwana nawa likita ya ce?"

"Saura huɗu."

"To kin gani." Ya dubi tafin hannunsa. "Zalika, kullum in na rufe ido ina ganin hannun Yacuba. Na kama shi, wallahi na kama shi. Ya ce in fara fid da matar da ke da goyo, shi ya iya ruwa. Na kai ta gaɓa na dawo, babu shi. Na ci wa Inna ɗa guda. Ba zan ci mata ƙafa ba, balle rai."

"Ba kai ka ci shi ba! Kwanansa ne ya ƙare!"

"Je ki faɗa wa zuciyar uwa haka."

"Ni fa? Ni ba mutum ba ce? Shekara shida ina aiki, ban taɓa cin albashina ni kaɗai ba ko na wata ɗaya. Ban yi ƙorafi ba. Abu ɗaya tak na ce nawa ne a duniya, kai. Shi ma sai na sayar in sayi magani?"

Hawaye suka zubo masa, bai share ba. Ya miƙo hannu.

"Ba ni bik ɗin."

"A'a."

"Ba ni, don Allah. In ke kika soke, za ki rayu kina tsanar hannunki. Gara ki tsani nawa."

Na ɓoye bik ɗin a bayana. Ya zagayo ya zare shi a hankali, yatsa bayan yatsa, ni kuwa ƙarfina ya riga ya ƙare. Ya ɗora takardar a kan gwiwarsa. Ya ja layi ɗaya a kan sunansa, ya ƙara na biyu, har bakin bik ɗin ya huda takardar.

Ya naɗe ta ya haɗa da ledar kuɗin ya sa mini a hannu.

"Ki ce kuɗin na Madam Bibata ne. Tafi, kada rana ta faɗi."

"Alfari..."

"Malam Alfari, jirgi ya cika!" wani ya ƙwala daga gaɓa.

Ya tafi bai waiwayo ba. Na ga ya shiga jirgin ya ɗauki filafili, ya kasa tura shi sai da wani fasinja ya taimaka masa.

*

La'asar ta yi sanyi lokacin da na koma. Matan biro sun watse, sai Madam Bibata da ta ƙi tafiya, tana zaune tana yi wa Inna fifita da jajayen idanu. Kawu Labo da Harouna na kan tabarma, har an fasa goron.

Na durƙusa na shimfiɗa takardar a ƙasa gaban Inna.

"An soke."

"Alhamdulillahi!" in ji Kawu. "Yanzu kika zama ɗiyar halak. Harouna, ba ta abin rubutu."

Harouna ya zaro wani bik mai ruwan zinariya daga aljihun gaba. "H, A, R," ya fara jero mini, sai ka ce ban shekara shida ina buga sunansa a takardar albashi ba.

Na ɗora bakin bik ɗin a saman layin da aka soke. Na ce a raina, Zalika, ƙafa ce, ƙafar da ta yi tallan fura ta kai ki lekol. Rubuta ki mutu daga baya.

Sai na ji hannun Inna a kan takardar.

Inna ba ta yi boko ba, amma idonta ras. Ta ja takardar kusa da fuskarta. Tana kallon hujin da bik ya yi, da shatar babban yatsa na jiƙaƙƙen hannu a gefe, mai laka-laka.

"Wannan ba hannunki ba ne. Ke ba kya danna abu haka."

Na sunkuyar da kai.

"Wa ya soke?"

"Yaya Kande, mene ne na tambaya?" in ji Kawu. "An soke an soke."

"Labo, ba da kai nake ba. Zalika, wa ya soke?"

"Shi."

"Da hannunsa?"

"Da hannunsa. Na hana shi, ya ƙwace."

"Me ya ce?"

Na so in yi shiru, don na san dokar gidan. Amma me ya rage da zan rasa?

"Ya ce ya ci miki ɗa guda, ba zai ci miki ƙafa ba." Ledar ta faɗo daga mayafina, tsofaffin takardun kuɗi masu ƙarnin kifi suka bazu a ƙasa. "Ya ce in ce miki na Madam Bibata ne. Na gaji da ƙarya, Inna. Nasa ne."

Harouna ya yi gyaran murya. "Inna, lokaci na tafiya. In za mu kama hanya da sassafe, gara a gama..."

"Yaro," Inna ta ce ba tare da ta dube shi ba, "kai ka turo mini mata da guɗa, kana sane. Ciwo ne a ƙafata, ba a kaina ba."

Harouna ya kau da kai.

Ta daɗe tana shafa hujin nan da yatsa. Hawaye ya gangaro mata, na farko da na gani tun ranar sadakar arba'in ɗin Yacuba. Ba ta tura takardar ga Harouna ba, ba ta kuma miƙo mini ba. Ta naɗe ta ta tura ƙarƙashin cinyarta, ta zauna a kai.

Ambulan ɗin na nan inda Harouna ya ajiye shi, ba ta taɓa ba. Ƙafar na nan a kumbure cikin tsumma, saura kwana huɗu.

"Bibata," ta ce, "ke kika kawo mini guɗar da ban nema ba, ke za ki biya. Tashi ki je bakin kogi ki taho mini da shi."

Kawu ya zabura. "A gidan nan? Bayan rantsuwar da kika yi?"

"Ban ce na yafe ba. Ban ce na karɓi kuɗi ba." Ta share fuska da gefen zane. "Wata goma ban bar kowa ya faɗa mini yadda ɗana ya tafi ba. Shi ne na ƙarshen da ya riƙe hannunsa. Ya zo ya zauna nan, ya dubi idona ya faɗa mini. In na ji, sai in san sunan da za a rubuta."

Madam Bibata ta fita ko takalmi ba ta tsaya sawa daidai ba. Ni kuwa ina nan durƙushe da bik ɗin Harouna a hannu, ina kallon ƙofar gida.